Fiton Direba

Litinin, ƙarfe tara da rabi na safe

Kwalin da Auta ta aiko wa babanta ya kwana huɗu a kan teburin falo. Yau na buɗe shi, don ba zan ci gaba da kakkaɓe ƙura a kan abin da ban san mene ne ba. Wani ɗan fiyano ne da tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Madannai ashirin da biyar, na ƙirga. An rubuta MIDI a jikinsa, ga wasu maɓallan roba takwas, ga abubuwan murɗawa irin na rediyo.

A waya ta ce, "Mama, tunda Baba ba zai iya yin fito da baki ba yanzu, sai ya riƙa yi da yatsa."

Na kai masa ɗaki. Ya dubi abin, ya dube ni, ya jawo ɗan farin allonsa ya rubuta: KAI WA JIKOKI. Sannan ya juya ya fuskanci bango.

Direba ke nan, mijina. Shekara talatin yana tuƙa bas yana cika wa fasinja kunne. Tun da muka dawo daga wancan ginin da aka yi masa aikin maƙogwaro, da farin ƙyalle a wuyansa, da allo yake magana. Likita ya ce a komo ranar Alhamis, nan da kwana goma sha bakwai, a fara sauran maganin, kuma ba abin tsallakewa ba ne. Shi kuwa ya rubuta BA ZA NI BA, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ba zan yi maganar nan a littafin nan ba. Wannan littafin na fiyano ne.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na danna, shiru. Na girgiza shi, shiru. Babu wajen batir, babu lasifika. Na kira Auta na ce an cuce ta, an sayar mata da bebe. Kalmar na fita daga bakina na dubi ƙofar ɗaki. A rufe take. Ban sake faɗa ba.

Ta ce shi ba ya ƙara da kansa, saƙo kawai yake aika wa kwamfuta, ita ce mai fitar da sauti. "Kamar tafiretarki ce in babu takarda, Mama." To, wannan na gane. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga wasiƙu a ofis, kalma sittin a minti ɗaya, kuma ba a taɓa dawo min da takarda an zagaye min kuskure da jan biro ba. Ba ɗan kwali mai haƙora ashirin da biyar ne zai kayar da ni ba.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na zaro tsohuwar kwamfutar Auta daga ƙasan akwati. Na sauke manhajar kiɗan da ta ce, ta ci min wuni rabi. Na haɗa igiya, fitilun fiyano suka kama ja da kore, har na yi guɗa a zuci. Kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba.

Direba ya sha rabin kofin shayi.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Fitila na ci. Kwamfuta ba ta gani. Ƙofa a rufe.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Saura kwana goma sha huɗu.

Auta ta tashi daga aiki ta kira ta bidiyo, yaranta na hawan kanta. Ta sa na buɗe nan, na rufe can, na kashe na kunna har sau uku. Can ta ce, "Mama, nuna min igiyar."

Na nuna.

"Wannan ai ta cajin fitilarki ce. Ina wadda ta zo a kwalin?"

"Tana cikin durowa, a ledarta."

"Me take yi a durowa?"

"Sabuwa ce fa. Na adana ta kada ta lalace."

Ta yi dariya har wayar ta faɗi, na riƙa kallon silin ɗinta. Ashe wata igiyar wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar saƙo. Ni ina zan sani? Duk baƙaƙe ne. Na sa sabuwar, na shiga wajen saiti na zaɓi sunan fiyanon, na danna madanni ɗaya, sai ga TIN! a cikin falo. Na tsorata har na kama ƙirjina. Wata biyu ke nan falon nan bai ji ƙarar da ta wuce ta cokali ba.

Kafin ta kashe ta ce, "Ya maganar Alhamis?" Na ce cajina ya kusa ƙarewa.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Sabon ciwon kai. In na danna, sai sautin ya yi nawa kafin ya fito, kamar masinjan ofishinmu da ake aika da safe ya dawo bayan an tashi. Auta ta turo saƙon murya: in nemi wata lamba a saiti, in rage ta daga dubu da wani abu zuwa ɗari da ashirin da takwas. Na rage. Masinja ya shiryu.

Sai kuma gwiwar hannuna ta taɓa wani maɓalli, fiyano ya haukace. Na danna ɗaya, shi ya ba ni ashirin, sama da ƙasa, ba ya tsayawa. Na zare igiya, na yi addu'a, na mayar. Na liƙa takarda a kan maɓallin: KADA A TAƁA.

Akwai kayan kiɗa fiye da ɗari a cikin manhajar. Na bi su ɗaya-ɗaya. Akwai wani mai kama da sarewa, siriri. Na tsaya a kansa, ba don komai ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Kwandasta ya zo. Shekara ashirin ya yi a ƙofar motar Direba yana kiran fasinja, yanzu gemunsa ya yi fari fat amma muryar tana nan, in ya yi sallama sai tagogi sun amsa. Na ƙwanƙwasa ƙofa na ce, "Malam, ga mutuminka." Allo ya fito ta ƙarƙashin ƙofa: INA BARCI.

Kwandasta ya karanta ya ce, "Uwargida, mai barci da rubutu mai kyau haka?" Ya yi dariya, amma ya daɗe yana ɗaura igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na canja wa Direba ƙyalle. Bai dube ni ba. Ban taɓa fiyano ba.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Saura kwana goma.

Abin kunya ya same ni. Ina gwada sarewar nan da yatsa ɗaya, sai na ji abin da nake lalube. Fiton Direba ne.

Waƙa ɗaya tak yake da ita, ba ta da baiti, ba ta da suna, shi ya ƙirƙiro abarsa. Yana aski yana yin ta, yana goge takalmi yana yin ta, yana hawa bene yana yin ta, tun daga ƙasa nake sanin ya dawo. Shekara talatin da huɗu ina roƙonsa ya daina. Na ce dattijo da kai? Na ce ka ji tausayin maƙwabta. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Har na taɓa cewa ranar da fiton nan ya ƙare sai na yi sadaka.

Ban yi sadakar ba.

Na yanko filastar da ta rage daga wadda nake masa aiki da ita, na liƙa a fararen madannai, na rubuta A, S, D, F, J, K, L, yadda yatsuna suka saba zama a tafireta. Ni ban san harshen makaɗa ba, amma na san shifta. Ina rera waƙar a hankali, ina neman harafin, ina rubutawa. Kafin azahar na samu layi uku.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Na koyi ɗauka. Akwai jan maɓalli, in an danna sai wani abu ya fara ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo, kai kuma ka bi shi. Duk abin da ka buga sai ya fito a fuskar kwamfuta kamar 'yan sanduna kwance a kan takarda mai layi-layi.

Nawa duk jajaye ne. Auta ta ce launin yana nuna ƙarfin bugu, kuma ni kowane madanni dukan kawo wuƙa nake masa. "Mama, ba kwafi uku da kabon kike bugawa ba. Sassauta."

Na sassauta. Amma da na kai ƙarshen layi, hannuna na hagu ya tashi da kansa zai tura kan tafireta ya koma farko. Babu kan tafireta. Akwai kofin shayi. Allah ya taimake ni tabarma ce ta sha, ba kwamfuta ba.

Ina jin kamar gado ya motsa a ɗaki. Wataƙila kunnena ne.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Mako guda cif.

Na zauna na duba sandunan nan, raina ya ɓaci. Ba sa kan layi. Wannan ya riga, wancan ya makara, kuma a wuri uku akwai gibi babba, fili fetal ba komai, domin haka nake jin waƙar a kaina, haka shi yake yin ta. Kullum in ya kai wuraren nan sai ya tsaya kamar ya manta, sannan ya ci gaba. Na sha ce masa, waƙa ɗaya gare ka a duniya, ita ma ba ka haddace ba.

Auta ta nuna min wani maɓalli da ke jera komai a kan layi. Na danna sau ɗaya, sandunan suka yi sahu kamar 'yan makaranta. Wayyo, da na samu wannan a ofis! Gibin ukun kuma na ja su da kaina na toshe. Shafi ya yi tsaf, ko shugaban ofis zai sa hannu.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Na ja teburin har bakin ƙofarsa, na ƙure ƙara, na kunna. Na tsaya riƙe da tsintsiya kamar shara nake yi.

Ta ƙare. Shiru. Na sake kunnawa.

Allo ya fito ta ƙarƙashin ƙofa: WA YA MUTU?

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Na faɗi maganganu a bakin ƙofar nan jiya da bai kamata ba. Ba zan rubuta su ba. Na ambaci Alhamis, na ambaci Auta, na ambaci shekarun da na yi ina jiran ƙarar motarsa. Na ce in shi ya gaji, ni ba a tambaye ni ba. Abin da ya fi ƙona min rai, faɗa da mai allo ba ya daɗi. Kana gama naka sai ka tsaya jiran a rubuta, kuma ba a rubuta ba.

Tsoro nake ji. To, na rubuta.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Saura huɗu. Na mayar da fiyano kwalinsa. Na sake fito da shi.

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Kwandasta ya dawo, ya samu INA BARCI ɗinsa, ya zauna shan shayi. Don kada mu zauna muna kallon ƙofa, na ce bari in kunna masa wani abu. Ya saurara, kansa a karkace. Ya ajiye kofi.

"Uwargida, waƙar maigida ce, amma wannan motar ba ta da giya ne?"

"Wace mota?"

"Ina wajen da yake tsayawa?"

"Wajen da yake mantawa? Na gyara."

Ya kama baki. "Mantawa? Subhanallahi. Giya yake sawa! A kan tudun da ke bayan gada ya yi waƙar nan. Mota cike, tana nishi. In zai canja giya sai ya ɗauke numfashi, ya taka kuloci, ya tura, in ta shiga sai ya ci gaba. Ɗaya zuwa biyu, biyu zuwa uku, uku zuwa huɗu. Ni da ke ƙofa, da fiton nake sanin lokacin da zan riƙe ƙarfe da kyau. Ke kin hau tudu da giya ɗaya, ai dole ya tambayi wa ya mutu."

Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutum ina ce masa bai haddace waƙarsa ba, ashe ko a gaban madubi da reza a hannu yana kan tudun nan ne, ɗauke da mutum sittin. Kunya ta kama ni, na ce shayin ya huce, bari in ɗumama.

Daga kicin na ce ya dawo gobe da safe, ya zo da lemarsa.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe zuwa yanzu

Gobe ne.

Na kashe ƙas-ƙas ɗin, na kashe mai jera sahu. Da farko na buɗe gibi uku daidai wa daida, na auna su da layi. Kwandasta ya ce a'a, giya ba ta san layi ba, kowace da halinta. Ya jawo kujera tsakiyar falo ya zauna, ya kafa lemarsa a ƙasa ta zama giya, murfin tukunyata ya zama sitiyari. Ya ce in buga da hannu, in ya taka ƙafa in tsaya, in ya tura lema in ci gaba.

Dattijo mai jikoki tara yana "vuuum, vuuum" a falona, ni da tabarau ina bin A, S, D, F. Allah ya sa maƙwabta suna wajen aiki.

Ɗaya zuwa biyu ta shiga lafiya. A biyu zuwa uku muka saɓa. Ya tura lema da wuri, na ce ni a kunnena wannan gibin ya fi tsawo. Ya ce shi ya yi shekara ashirin a motar. Na ce ni na yi talatin da huɗu da mai motar. Ya ce, "Uwargida, kin taɓa tura bas a cikin ruwan sama?" Na ce, "Kai ka taɓa wanke rigar wanda ya tura?" Muka sake, muka sake, har sau bakwai, kowane ya fi na baya muni. A na takwas ya ja lema da ƙarfi ta buɗe.

Ba mu ji buɗe ƙofa ba.

Direba na tsaye da zanen barci, ƙyallen wuyansa ya karkace, ya rame har na kawar da ido na sake dubawa. Fuskarsa kuwa irin wadda yake wa mai babur da ya shiga gabansa ce. Ya rubuta da sauri har alƙalamin na ƙara, ya juya allon ga Kwandasta:

BIYU ZUWA UKU SAI AN TAKA KULOCI SAU BIYU. SHEKARA ASHIRIN KANA ƘOFA BA KA SANI BA?

Kwandasta ya miƙe tsaye, lema a buɗe a kansa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, maigida."

Direba ya goge, ya sake rubutawa, wannan karon nawa ne: KE KUMA KIN ƘONE KULOCI. TASHI.

Na tashi. Ya zauna a kujerata. Ya dubi haruffan da na liƙa, ya gane filastar, ya ɗan daɗe yana kallonta. Sannan ya sa yatsa ɗaya, wannan mai kauri da ya saba da hon, ya fara lalube. Ya yi kuskure ya fi goma. Na sa hannu ta bayansa na danna jan maɓalli, bai hana ni ba.

Da ya kai gibi na biyu, na ga ƙafarsa ta hagu a kan tabarma. Ta taka, ta saki, ta sake takawa. Sai sarewar ta ci gaba.

Na shiga kicin na yanka albasar da ba na bukata.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ya cinye kwano guda, a falo. Ya gano maɓallan roba suna yin ganga, ya gano abin da na rubuta KADA A TAƁA, ya taɓa. Layi biyu ya samu ya ɗauka, na uku ya ƙi zama, yatsarsa na haɗa madanni biyu. Ya gaji, ya koma ɗaki, ya bar ƙofa a buɗe.

Ban ce komai game da gobe ba. Auta ta kira sau uku, na ƙi ɗauka, don in na ji muryarta zan tambaye shi, in na tambaye shi zai ja layi biyu. Na goge rigarsa mai ruwan toka na rataye a inda zai gani. In ya tambaya, zan ce dama guga nake yi.

Alhamis, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Na fito daga wanka na same shi a gaban kwamfuta, sanye da rigar mai ruwan toka, takalmi a goge, katin asibiti ya leƙo daga aljihu. Yana kallon sandunansa. Babu ko ɗaya a kan layi. Wannan ya riga, wancan ya makara, ga gibi biyu kamar an cire haƙori. A ofis da an kawo min irin wannan shafin, da na yage shi.

Hannuna ya nufi maɓallin jera sahu, wallahi ba da niyya ba, sabo ne. Ya buge min hannu.

Kwandasta na ƙasa yana ta kiran mu, wai ya samo mota, duk unguwa ta ji inda za mu. Direba ya rubuta wani abu, ya jingine allon a jikin fiyano, ya yi gaba ya bar shi a nan. Na ce, "Malam, allonka." Ya girgiza kai, ya nuna min littafin rubutu a ɗaya aljihun.

Na tsaya na karanta kafin in kulle ƙofa:

KADA KI GYARA. SAURA UKU ZUWA HUƊU. SAI NA DAWO.